Zanen duwatsun Aborijin a dajin Ostareliya: inda ake zuwa da yadda ake kallo

"Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Sidni, shekarata ɗaya a nan. Tun ina gida na taɓa zuwa Birnin Kudu na ga zanen shanun nan na jikin dutse, abin ya tsaya mini a rai. Hutun tsakiyar shekara ya kusa, ina son in ga na Aborijin da ake ta ba da labari. Wani abokin karatuna ya samo lambobin taswirar wani kogo a intanet, wanda ba ya cikin wuraren da ake kai baƙi. Ya ce mu je can don babu cunkoso, ya kuma ce in an zuba wa zanen ruwa ya fi fitowa a hoto. Shin za mu iya zuwa? In ba haka ba, ina zan fara, me zan riƙe? Kuma da gaske ne zanen ya kai shekara 60,000?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya huɗu ka ɗaure a ƙulli ɗaya: kogon abokinka, zuba ruwa, inda za ka fara da guzurin da za ka riƙe, sai shekarun zanen. Biyun farko amsarsu gajeriya ce. Kada ku je kogon, kada kuma ku zuba wa kowane zane ruwa. Sai dai in na tsaya a nan za ka ɗauka tsananin hukuma ne kawai, don haka bari in warware maka dalilin, domin sauran amsar a kansa take tsaye.

Dutsen yana da mai shi

A Birnin Kudu, kamar raƙuman dawan Dabous na Jamhuriyar Nijar, kallo ake yi ana hasashen waɗanda suka yi aikin. Babu wanda zai miƙe yau ya ce kakansa wane ne ya zana. A arewacin Ostareliya ba haka abin yake ba. Babban zanen da ke Anbangbang, a dutsen Burrungkuy cikin gandun dajin Kakadu, wani dattijo ne mai suna Nayombolmi ya yi shi a tsakanin 1963 da 1964, kuma waɗanda suka zauna da shi sun ba da labarinsa. Wato dutsen ba kufai ba ne. Kowane yanki yana da zuri'ar da ta gaje shi, har hukuma ma masu ƙasa na gado take kiransu. Kuma Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar Ostareliya, ba ƙabila ɗaya ba ce. Lokacin da Turawan Ingila suka kafa zango a 1788, harsunan da ake yi a ƙasar sun haura 250. Mutanen Kakadu Bininj ne a arewa, Mungguy a kudu. Na dutsen Uluru kuwa Anangu ne.

Wuraren ma ba matsayinsu ɗaya ba. Wani inuwar dutse ce kawai, inda iyali ke fakewa da damina, ana girki ana zana kifin da aka kamo. Irin wannan aka fi buɗe wa baƙi. Wani na maza ne zalla, wani na mata zalla. Wani makwancin matattu ne, don a wasu yankunan akan naɗe ƙasusuwan mamaci a ɓawon itace a ajiye a tsagar dutse. Akwai kuma waɗanda Bininj ke kira djang andjamun, wuraren da a imaninsu taɓa su kan jawo masifa ga kowa da kowa, ba ga mai taɓawar kaɗai ba. Daga waje duk kogo ne. Lambobin da abokinka ya samo ba za su gaya maka wanne ne cikinsu ba, kuma in ka ga ba a sa wuri a jerin da ake kai baƙi ba, galibi ba mantuwa ba ce, da gangan aka bar shi. Hukumomin jihohi suna da rajistar dubban wurare da ba sa bayyana wa jama'a inda suke. Mu da ba ma shiga gidan mutum sai da sallama, wannan bai kamata ya yi mana wuyar ganewa ba.

Sai doka. A Yankin Arewa, inda Kakadu yake, dokar wurare masu alfarma ta 1989 ta mai da shiga irin wannan wuri ba izini laifi, kuma ba ta ƙyale ko hukuma ba: a 2024 kotu ta ci hukumar gandun daji ta tarayya tarar dala 200,000 ta Ostareliya saboda hanyar ƙafa da ta gina kusa da wurin maza a Gunlom, cikin Kakadu ɗin nan. A jihar da kake zaune, dokar 1974 ta hana lalata ko ɗauke kayan tarihin Aborijin, kuma cewa "ban san mene ne ba" ba ya wanke mutum. Ƙasar Arnhem da ke gabas da Kakadu mallakin Aborijin ce a ƙarƙashin dokar 1976, ba a shigarta sai da takardar izini daga majalisar da ake kira Northern Land Council. Kai kuma da bizar karatu kake zaune, ka san abin da laifi a kotu yake yi mata. Ka kuma san cewa ran mutane a ɓace yake kan wannan batu tun watan Mayun 2020, da kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogo biyu a Juukan, yankin Pilbara da ke yammacin ƙasar, don faɗaɗa haƙar tama, alhali an san mutane sun zauna a wurin tun shekara 46,000 da suka wuce. Sai da shugaban kamfanin ya bar kujerarsa.

Abin da ruwa yake yi wa zane

Launin da aka yi aikin da shi ƙasa ce da dutse. Ja daga jan dutse mai tsatsar ƙarfe, rawaya daga ɗan'uwansa, fari daga farar ƙasa, baƙi daga gawayi ko baƙin ma'adini. Akan niƙa a kan dutse, a dama da ruwa, a shafa da gashi ko gashin tsuntsu ko tsinken da aka tauna bakinsa. Hotunan tafin hannu kuwa, mutum kan cika baki da launin, ya ɗora hannu a bango, ya furza, sai siffar hannun ta fito.

Ja shi ne mai naci. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, sukan ratsa cikin dutsen yashi su zama jiki ɗaya da shi. Fari da rawaya a sama suke zaune, kamar farar ƙasa a bangon ɗaki. Shi ya sa tsofaffin zane kusan duk ja ne. Ba wai magabatan ba su san fari ba, farin ne ya riga ya zube. To in ka watsa ruwa, abu na farko farin nan da rawayan za su bi shi. Na biyu ya fi muni, don ba a ganinsa nan take. Akwai gishiri a cikin dutsen. Ruwa kan narkar da shi ya jawo shi kusa da fuska, in ya bushe sai gishirin ya sake daskarewa a ƙarƙashin fatar dutsen, ya tura ta waje, ta ɓare da zanen a jikinta. In ka ɗaga kai a Ubirr ko Burrungkuy, manyan wuraren zane na Kakadu, za ka ga wani siririn layi na silikon, wani irin danƙo, an bi rufin kogon da shi. Aikinsa ya tare ruwan sama da ke gangarowa, ya sa ya ɗiga ƙasa kafin ya kai ga zanen. Mutanen da suke wannan wahala don ɗigo ɗaya, ka ƙiyasta yadda za su kalli baƙon da ya zo da gora a hannu.

Hannu ma haka. Maiƙo da gumin yatsa ɗaya ba komai ba ne a ido, amma wurin da dubban mutane ke wucewa kowace shekara, yatsa ɗaya ba ɗaya ba ne. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne jakar baya da hular kai: mutum ya juya don ɗaukar hoto a ƙarƙashin rufi mai gajarta, jakar ta goge bango bai ma sani ba. Ka sauke ta kafin ka shiga. Dandamalin katako ko na ƙarfe da aka shimfiɗa kuma ba don jin daɗin ƙafarka aka yi shi ba. Ƙurar da takalmi ke tayarwa kan manne a bango ta haɗu da laima ta zama ɓawo, sannan ƙasar da ke ƙarƙashin inuwar ita kanta tarihi ce a jere, toka kan toka, da ƙasusuwan abinci da ɓarɓashin duwatsun aiki. Wuta kuwa ba a ko maganarta. A watan Disamban 2018 gobarar daji ta kama dandamalin da aka yi da narkakkiyar roba a kogon Baloon, a kwazazzabon Carnarvon, zafin ya ɓare bangon da mafi yawan hotunan hannun da ke kansa. Ga kuma maƙiyan da ba su san doka ba: ɓauna da aladen daji masu goga jiki a bango, gara mai jan hanyarta a kan zane, da zanzaro mai gina gidan laka.

Abin da abokinka yake nema da ruwa, haske ne yake bayarwa. A kewayen Sidni yawancin aikin ba shafe ba ne, sassaƙa ce a kan falalen dutse: an huda ƙananan ramuka a jere, aka goge tsakaninsu suka zama layi. Da tsakar rana za ka iya tsayawa a gefen kifin da ya fi mota tsawo ba ka gan shi ba. Ka zo da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke dukan dutsen ta gefe, inuwa za ta cika layin, siffar ta taso da kanta. Hutunka ma ya yi daidai, don a Yuni da Yuli hunturu ake yi a Sidni, rana ba ta hawa sama sosai. In an yi ruwan sama dutsen ya jiƙe da kansa, wannan rabonka ne. Amma ba a bin layin da alli, ba a cika shi da yashi, ba a goge gansakuka, kuma ba a taka shi. Dutsen yashi mai laushi ne, takalmi ne babban abin da ke cinye shi.

Inda za ka fara

Ka fara da ƙofar gida. Gandun Ku-ring-gai Chase yana arewacin Sidni, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota. A kan hanyar West Head akwai hanyar ƙafa ta Basin, 'yar tafiya kaɗan daga titi za ka tarar da falalen dutse mai siffofin mutane da kifi da ƙananan kangaru. Kusa da ƙarshen titin akwai kogon jajayen hannaye. A kudu akwai Jibbon kusa da Bundeena, inda aka gina dandamalin kallo, a arewa kuma Bulgandry kusa da Gosford. Rana ɗaya a ɗaya daga cikinsu za ta koya wa idonka abin da zai nema.

In kuɗi ya kai, Kakadu ce amsar. Jirgi daga Sidni zuwa Darwin wajen awa huɗu da rabi ne, daga Darwin zuwa garin Jabiru kimanin kilomita 250 a kan kwalta. Gandun ya kusa murabba'in kilomita 20,000, yana cikin jerin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1981, kuma wuraren zanen da aka rubuta a cikinsa sun haura 5,000. Uku daga ciki aka shirya wa baƙi sosai. Ubirr yana da nisan kilomita 40 daga Jabiru, zagayensa kilomita 1 ne, sai hawan mita 250 zuwa kan dutse. Burrungkuy zagayen kilomita 1.5 ne. Nanguluwurr kilomita 3.4 ne zuwa da dawowa, kuma saboda 'yar tafiyar nan mutane ba su cika zuwa ba, don haka in rashin cunkoso abokinka yake so, ga shi nan da izini. Ana sayen takardar shiga gandun ta intanet kafin a je.

Lokaci yana da muhimmanci, kuma juyin namu ne. Sa'ad da ake damina a ƙasar Hausa, rani ake yi a Kakadu. Daga Mayu zuwa Oktoba hanyoyi a buɗe suke. Daga Disamba zuwa Maris rafin Magela kan hau kan titin Ubirr ya datse shi. Bininj kashi shida suke raba shekara, kuma Yuni zuwa Agusta shi ne Wurrkeng, lokacin sanyinsu, zafin rana wajen digiri 30, dare da ɗan sanyi. Shi ne kuma lokacin da kowa ke zuwa, sai ka kama masauki da wuri.

Da ɗan gari akan ci gari. Da rani jami'an gandun kan yi bayani a gaban zanen, jadawalin yana cibiyar baƙi ta Bowali kusa da Jabiru. Wanda ya fi wannan shi ne dutsen Injalak a garin Gunbalanya, hayin kogin East Alligator cikin ƙasar Arnhem, inda ba a hawa sai da ɗan jagora daga mutanen garin. A wurare da dama za ka ga ɗan jagora ya tsaya daga nesa ya ɗaga murya da harshensu kafin ku ƙarasa. Sallama yake yi wa magabatansa, yana gaya musu ya zo da baƙi. Ka tsaya a bayansa har ya gama. In ka yi tambaya ya yi shiru ko ya kawo wani zance, amsa ce ya ba ka, kada ka maimaita. Kada ka ɗauki hoton mutum sai ka tambaya. In kuma aka ce an rufe wuri saboda rasuwa, an rufe ke nan, ko da ka biya kuɗi.

Sauran wuraren zan ratsa su da sauri. Kwazazzabon Carnarvon a jihar Kwinsland yana da bango mai tsawon mita 62 da siffofi wajen 2,000, na sassaƙa da na furzawa da na shafe, amma tafiyar ƙafa ce ta kusan kilomita 11 zuwa da dawowa. Gariwerd a jihar Biktoriya na da mafi yawan zanen jihar, sai dai ta bayan keji ake kallo, saboda abin da masu rubuta sunayensu a bango suka yi a baya. Murujuga a gaɓar Pilbara na da sassaƙa sama da miliyan ɗaya, ta shiga jerin UNESCO a watan Yulin 2025, kuma masu wurin sun roƙi kada a hau duwatsun, kada a ɗauki hoton siffofin fuskar mutum. Kimberley, ƙasar zanen siffofin Wandjina masu manyan idanu marasa baki da na Gwion masu siririn jiki, ba tafiyar ɗan koyo ba ce: hanyar Gibb River ta kai kilomita 660, mafi yawanta burji, sai motar daji mai jan tayoyi huɗu, kuma wasu sassan sai da takardar izinin masu ƙasar. A Uluru an daina hawan dutsen tun 26 ga Oktoban 2019, kuma akwai ɓangarorin da alluna suka hana ɗaukar hoto.

Yadda ake kallon bango

Kuskuren yawancin baƙi gaggawa ce: a ɗaga waya, a ɗauka, a wuce. Ƙa'idar da nake bi, nake kuma ba wa wanda ya tambaye ni, ita ce minti goma a gaban bango ɗaya kafin a taɓa waya. Ido yana bukatar ya saba da inuwa. Da farko farare da rawaya za ka gani, su ne na baya-bayan nan. Can sai jajaye su fara fitowa daga ƙarƙashinsu. A Kakadu yin zanen ya fi ajiye shi muhimmanci, shi ya sa ake ɗora sabo a kan tsoho, kuma wannan ɗori shi ne kalandarka: wanda layinsa ya hau kan wani, shi ne ƙarami. Ƙaramin madubin hangen nesa ya fi kyamara amfani a nan, don da shi za ka ga wane layi ne a sama ba tare da ka ƙetare shinge ba.

A babban bangon Ubirr za ka ga kifaye a jere an zana su har da ƙashin baya da hanji da ƙwai, kamar hoton ƙashi na asibiti. Babban cikinsu barramundi ne, ɗan'uwan giwan ruwa na kogunanmu. Duba yadda aka rarraba jikin da layuka, kamar yadda mahauci ke kasa nama. Wannan kifin ma yana gaya maka zamani. Ba ya cikin tsofaffin zane, don a lokacin teku tana can nesa. Sai da ta cika ta shigo kwaruruka wajen shekara 8,000 da suka wuce, sannan kifi da kada na ruwan gishiri suka hau bango. Agwagin fadama kuwa sun zo daga baya, cikin shekara 1,500 na ƙarshe, da fadamun ruwan daɗi suka samu. A cikin tsofaffin jajayen akwai mutanen da aka zana da jikin doya, da 'yan siraran mafarauta a guje da māsu a hannu. Bininj suna cewa irin waɗannan siraran aikin Mimi ne, iskokin da ke zaune a tsagogin dutse. Can sama a gefen bangon akwai wata dabba mai kama da kare da ratsi a gadon baya. Ita ce ake kira damisar Tasmaniya, wadda ta ƙare a babban yankin ƙasar wajen shekara 3,000 da suka wuce. A bangon nan kuma akwai Bature an zana shi da hannaye a kwankwaso. A Nanguluwurr jirgin ruwa ne mai filafilai. A wasu sassan Arnhem har da jiragen masuntan Makasar na Indunusiya, da suka riƙa zuwa gaɓar har 1907.

A Anbangbang nemi Namarrkon, mai walƙiya. Baka ya zagaye shi daga kai zuwa ƙafa, ita ce walƙiyar, ga gatura a kansa da gwiwoyinsa, da su yake tsaga gajimare. Nan ne kuma iyakata da ta duk wani baƙo, komai daɗewarsa a fagen. Labarin da ke kan allo, da wanda ɗan jagora zai faɗa maka, shi ne na waje, irin wanda ake gaya wa yara. Akwai na ciki, ana buɗe shi mataki-mataki ga wanda ya cancanta a cikinsu. Wanda ya ce maka ya gano ainihin ma'anar zane daga kallon hoto, kada ka yi saurin gaskata maganarsa.

Batun shekara 60,000

An haɗa abu biyu ne a nan. Zaman mutane daban, shekarun zane daban. Haƙar da aka yi a inuwar dutsen Madjedbebe, kusa da Jabiru, ta ba da shekara 65,000 a sakamakon da aka fitar a 2017, har da guntayen jan dutse da aka niƙa. Wasu masana suna jayayya da adadin, suna tsayawa a wajen 50,000. Ko wanne ka ɗauka, wannan ya nuna ana amfani da launi, bai nuna cewa zanen da ke gabanka ya kai haka ba.

Matsalar ita ce jan launi ma'adini ne, ba shi da kabon, sinadarin da ake aunawa a gane shekarun abu. Sai an samu abin da ya taɓa rai: gawayi, ko kakin zuma da akan manna a yi siffa da shi. Mafi tsufa da aka tabbatar wani guntun dutse ne mai layin gawayi da aka tono a kogon Nawarla Gabarnmang, ƙasar mutanen Jawoyn, shekara 28,000. Na jikin bango kuwa, zanzaron nan da na kira maƙiyi shi ya yi rana. Lakar gidansa na ɗauke da ɓarɓashin gawayi. Gidan da aka yi zane a kansa ya girmi zanen, wanda aka gina a kan zanen kuma zanen ya girme shi. Da haka aka ritsa wani kangaru mai tsawon mita 2 a Kimberley tsakanin gida uku a ƙasa da uku a sama, aka samu shekara 17,300, aka sanar a 2021. Irin wannan awo ya ba siffofin Gwion wajen shekara 12,000. Kifayen Ubirr masu hanji a waje kuwa yara ne a kansu, yawancinsu ba su wuce shekara 1,500 ba.

Guzuri da abin da ke kashe mutane

Ruwa lita 1 ga kowace awa ta tafiya, ga kowane mutum, da ƙarin lita 10 a mota. Ka fita da asuba, ka huta tsakanin 11 da 3. Hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe. Waya ba ta da sabis a mafi yawan dajin, saboda haka ka sauke taswira tun a gari, ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka. In za ka yi nisa ka yi hayar 'yar na'urar neman agaji mai aiki da tauraron ɗan'adam. Lambar gaggawa 000 ce. Ka karanta takardar hayar mota da kyau, da yawa sun hana hawa burji, in ka hau inshora ta faɗi. In mota ta lalace ka zauna a wurinta, don ita ake hangowa daga sama, ba mutum a ƙafa ba. Ɗan jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuma ka bar shi a gida, an hana shi a Kakadu da Uluru sai da izini.

Kada na ruwan gishiri yakan kai mita 5, kuma sunansa kada ya ruɗe ka, yana shiga ruwan daɗi. Ka ɗauka yana cikin kowane ruwa a arewa. Ka bar aƙalla mita 5 tsakaninka da bakin ruwa, ko alwala kada ka yi a gaɓa. Mashigar Cahills, wadda ake bi zuwa Gunbalanya, ruwanta na hawa da sauka da igiyar teku, ana duba jadawali kafin a ratsa da mota, ba a kuma taɓa ratsa ta da ƙafa.

Saran maciji kuma, ka manta da abin da aka saba a gida na tsagawa da tsotsa da ɗaure da igiya. Dafin macizan can ta magudanar ƙarƙashin fata yake tafiya, motsi ne ke tura shi. Ka riƙe bandeji mai talewa guda biyu, faɗin santimita 10 zuwa 15. A naɗe wurin saran, a ci gaba daga yatsu har ƙarshen ƙafar ko hannun, da ƙarfin da ake ɗaure targaɗe, a sa kara a ɗaure don kada gaɓar ta lanƙwasa, mutumin ya kwanta kada ya taka, a kira agaji. Ba a wanke wurin.

Wata rana a kan halastacciyar hanya ma za ka iya cin karo da abin da babu allo a kansa: dutse mai kaifi da aka fasa da hannu, tulin ɓawon kawa a bakin ruwa, ramukan wasa gatari a falalen rafi, itace mai dogon tabo inda aka ɓare ɓawo aka yi kwalekwale ko akushi. Ka kalla, ka bar shi yadda yake kwance, don inda yake shi ne rabin bayaninsa. Ka gaya wa jami'an gandun. In za ka sa hoton a Facebook ka cire bayanin wurin da waya ke liƙa wa hoto, don ta irin wannan hanyar lambobin abokinka suka fita. In ƙashin mutum ne, 'yan sanda ake fara kira.

Kwana uku sun ishe ka a Kakadu: Burrungkuy da sassafe a rana ta farko, Nanguluwurr da Bowali a ta biyu, Injalak ko hutu da safiyar ta uku, sai Ubirr da la'asar. Ka ba bangon awa biyu, sannan ka hau kan dutsen ka ga rana tana faɗawa cikin fadamar Nadab. Da faɗuwarta ake rufe ƙofa, sauro kuma ba ya jira, sai ka shafa magani tun a ƙasa. Komawa Jabiru a hankali, a hannun hagu, don daidai lokacin ne kangaru da dawakan daji ke fitowa kan titi.